Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Bateri

Ni ce mace ta farko da ta tuƙa dogon baro a Ɗan Kassari, kuma ni ce aka jawo da jakai ta gaban tashar ƴan kabu-kabu, masu babur ɗin haya, ana kiran la'asar. Mutane sun fi tuna na biyun. To, tunda Allah ya sa na iya rubutu kafin in mutu, bari in rubuta abin da ya faru tsakanin biyun.

Dogon baro babur ne mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Namu ba ya shan mai, da bateri yake tafiya. Wani furoje, irin shirye-shiryen nan na tallafi, ya kawo wa ƙungiyarmu ta mata shi, haɗe da faifan hasken rana da aka kafa kan rufin shagon ƙungiya, nan ake sa shi caji. Sharaɗinsu biyu ne: mace za ta tuƙa, kuma wadda ta iya karatu, don akwai ɗan allo a gaban direba mai nuna saura nawa wuta ta rage.

Ni sai da mijina ya rasu na shiga makarantar yaƙi da jahilci, da furfura a kaina. Ƴaƴana na cikina sun yi mini dariya, sun ce in na gama a ba ni aikin gwamna. Ban kula su ba. Na zauna kan tabarma na yi ta ja da baƙaƙe har suka daina gudu na. Cikin ƙungiya akwai waɗanda suka fi ni karatu nesa, amma mazansu sun ce ba matar da za ta raba ƙafa kan babur a ƙofar gidansu. Ni ba ni da wanda zan tambaya. Haka makulli ya faɗo hannuna.

In faɗi abin da makullin nan yake a wurina, don kada a ce ina kuka kan ɗan guntun ƙarfe. Kafin shi, surfe nake yi a gidajen mutane, a ba ni dusa da ɗan tsaki, in wanke turmi in tafi. Bayan shi, mata suna sallama a ƙofata tun da safe, ni ke cewa yau ƙauyen nan za a je, gobe wancan. Na ɗaure shi a bakin zane, ko wanka ba na rabuwa da shi.

Aikinmu ba na kwalta ba ne. Kwalta ta ratsa garinmu, motoci suna wucewa kullum, wanda ke bakinta ba ya rasa abin hawa. Waɗanda suke bukatarmu matan ƙauyukan arewa ne, can cikin rairayi, inda mota ba ta shiga sai ta lalace. Albasa, wake, gero, itace, jarkunan ruwa, mai ciki da za a kai likita, tsohuwar da ƙafa ta hana tafiya. In an cika akwati sai wata ta ce ai buhu ɗaya ne ya rage, yaya za a bar shi. A ɗora. Ita ma ta hau kansa. Ba ka iya ce wa mace a'a tana tsaye cikin rana da goyo. Rana tsaka muke tafiya mafi yawa, don sai an gama daka da ɗiban ruwa mata ke samun kansu. Baterin kan yi zafi har in ka taɓa akwatinsa ka janye hannu.

Allon a lokacin matsoraci ne. Da wuri yake cewa wuta ta kusa ƙarewa, in koma gida, in tarar ashe da saura. Mata suna guna-guni, suna cewa an bar kayansu a banza. Amma bai taɓa yashe ni a daji ba.

Wata rana mutanen furoje suka zo da wata yarinya injiniya. Iyayenta ƴan Dogon Dutsi ne, ita tana karatu a ƙasar waje. Siririya, mai kunya, tana sa Faransanci cikin Hausarta sannan ta gyara da kanta. Tanti take ce mini, wato inna. Ta tsuguna gefen baterin ta yi mini bayani kamar ni mutum ce, abin da ba kowane mai takarda ke yi ba.

Ta ce baterinmu ba irin na cikin wayar salula ba ne, sabon iri ne da ake gwadawa, na litiyum da farar wuta. Na ce farar wutar da muke saye a kasuwa mu niƙa mu shafa wa yara don ƙazuwa? Ta yi dariya ta ce ita dai. Ta ce amfaninsa ba shi da nauyi kuma yana ɗaukar wuta da yawa, amma yana da halin da ke wahal da su. Tankin mai kana girgiza shi ka ji ko da saura. Bateri ba a leƙa cikinsa. Sauran batura ƙarfinsu na raguwa a hankali, ka gane inda suke. Wannan kuwa sai ya daɗe yana ba da ƙarfi ɗaya, ko ya yi rabi ko ya kusa ƙarewa duk kamarsu ɗaya, sai can ƙarshe ya faɗi gaba ɗaya. Kuma ko a ajiye yake yana zubar da wuta, balle in ya sha zafi.

Saboda haka, in ji ta, su injiniyoyi sukan ƙera masa ɗan'uwa na lissafi a cikin kwamfuta, wanda ke kwaikwayon yadda yake ci da yadda yake gajiya. Abin da allo ke nunawa ba daga bakin baterin yake fitowa kai tsaye ba, wannan lissafin ne ke ƙiyasta shi. Kuma lissafin bai san komai ba sai abin da aka koya masa. Shi ya sa ta zo da wani ɗan akwati baƙi, ta ɗaura shi jikin baterin, zai riƙa rubuta wutar da ake ja da zafin da ake sha, har ƴan makonni. Daga nan za ta gyara lissafin, allo ya daina tsoro ya riƙa faɗin gaskiya.

Kafin ta hau mota ta tsaya gaban mata duka ta ce:

"Don Allah, iyayena, ku yi aiki da shi yadda kuka saba. Kada ku canza komai. In kuka tausaya masa, ni kuka ɓata wa aiki."

Kowa ta ce to. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba uwar ƙungiya ta kira taro.

Uwar ƙungiyarmu Hajiya ce, mai hannu da shuni daidai gwargwado, mai iya magana da baƙi. Ba na cewa muguwa ce. Tsoro gare ta, kuma tsoron yana da asali. Shekarun baya wani furoje ya ba mu injin niƙa, ya lalace, da masu shi suka zo dubawa suka ce mun yi masa aikin da ya fi ƙarfinsa, suka rubuta, ba su sake waiwayarmu ba. Tun daga nan matan garinmu suka koyi abu ɗaya: in mai ba da kyauta zai duba, a share gida. Mu dama haka muke da baƙo. Ko tuwon jiya za ku ci, shi kaza za a yanka masa, a aro tabarma sabuwa daga maƙwabta, ya tafi yana cewa mutanen nan suna cikin wadata.

Hajiya ta ce akwatin nan ɗan leƙen asiri ne. In ya rubuta cewa muna loda wa dogon baron mutane kaya har yana nishi cikin rairayi da rana tsaka, za su zo su ɗauke shi su kai Dumega ko wani gari da ya fi mu hankali. Don haka har a cire akwatin, ba shiga rairayi, ba lodi mai nauyi, ba fita sai da sanyin safiya, kwalta kawai.

Na tashi na ce yarinyar nan da bakinta ta roƙe mu kada mu yi haka, kuma na ji bayaninta, in aka koya wa lissafin ƙarya ni zai yi wa ƙaryar a daji, ba ku da ke zaune cikin inuwa ba. Na faɗa da ƙarfi, don ban iya faɗa a hankali ba. Wata ta ce tunda na koyi baƙaƙe huɗu nake ganin kaina injiniya. Aka yi dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba, ta miƙo hannu.

"Kawo makullin ga. Kin gaji, ki huta kwana biyu. In an ɗauke akwatinsu sai ki amshi abinki."

Na ba ta, don ƙungiya ce ta ba ni. Ta ba ƙanenta, wani mai gyaran keke da ya daɗe yana kallon dogon baron nan kamar nama a tukunyar wani.

Makonnin nan na koma surfe, ina kallo. Kowace safiya ƙanen Hajiya zai fito da dogon baron a hankali kamar ango, ya ɗora buhu biyu uku na ƙaiƙayi don akwatin baya ya yi kamar da kaya, ya bi kwalta wajen Dogon Dutsi, ya juyo kafin rana ta yi zafi. Aka yi wa babur ɗin rumfar zana ta musamman. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne buhun. Wata daga cikin matan ta ce tunda randa ana naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ruwa ya yi sanyi, a yi wa baterin haka, kada akwatin ya rubuta zafi. Aka sa mata bi da bi suna jiƙa buhu suna shimfiɗa masa. Ni da na yi shekaru ina daka cikin rana ba wanda ya taɓa jiƙa mini ko tsumma. Matan ƙauyuka kuwa suka yi ta aiko tambaya ko mun mutu ne, aka ce musu ana gyara.

Ranar da injiniyar ta dawo tare da shugaban furoje, an share fili, an aro kujeru, an dafa shinkafa da zabi. Ta buɗe kwamfutarta ta duba abin da akwatin ya rubuta, na ga ta ɗan yamutsa fuska, ta ce abin ya yi kyau fiye da yadda ta zata, baterin bai taɓa yin zafi sosai ba. Hajiya ta ce ai mu masu riƙon amana ne.

Ina bayan mata a tsaye. Na ratso na zo gaba na faɗi komai: kwalta, ƙaiƙayi, sanyin safiya, buhun. A gaban baƙi. A garinmu wannan ya fi zagin uwa. Har cokalin shugaban furoje sai da ya tsaya. Hajiya ta yi murmushi ta ce a yi mini uzuri, an hutar da ni ne saboda ciwon baya, shi ne nake jin haushi, kuma kowa ya san bakina. Matan da suka jiƙa buhu da hannunsu suka sunkuyar da kai.

Yarinyar ta gane. Na gani a idonta. Ta juya ta yi wa shugaban magana da Faransanci ƙasa-ƙasa, daga baya na ji cewa roƙonsa ta yi a bar akwatin ya ƙara ƴan makonni. Ya ce lokaci ya ƙare, ana jiran akwatin a wani wuri, ana jiran rahoto, kuma ga lambobi masu tsabta, me za a yi da maganar mace ɗaya mai fushi. Ita kuma yarinya ce, ƴar gida, ba za ta dubi Hajiya sa'ar uwarta ta ce ƙarya take ba. Wajen hawa mota ta riƙe hannuna ta ce:

"Tanti, na ji ki. In kina cikin rairayi da kaya, duk abin da allon ya nuna miki, ki raba shi biyu."

An mai da mini makulli, ba don an yafe mini ba, sai don takardar furoje ta ce mace. Daga ranar ba a ƙara kirana suna ko buki a gidan Hajiya ba.

Bayan wata biyu ko uku wani mai gyara ya zo shi kaɗai, ya jona waya jikin allon, ya ce an sa sabon lissafi. Yanzu allon kilomita yake nunawa, ya ce maka saura kaza za ka iya tafiya. Kuma ya daina tsoro. Inda da yake cewa in koma gida, yanzu cewa yake akwai tafiya mai yawa a gaba. Mata suka yi murna, suka ce ashe da can ni ce ke ƙin aiki. Na riƙa raba lambar biyu a zuciyata kamar yadda aka ce mini, ina komawa da wuri, ana zagina. Na gaya musu abin da injiniyar ta ce. Suka ce wa ya ji? Ba wanda ya ji sai ni.

Ranar da abin ya faru bazara ce, lokacin cirar albasa. Na riga na yi sawu ɗaya da safe. Hajiya ta aiko a kira ni, ta ce akwai albasar ƴan ƙungiya a wani ƙauye can kan hanyar Sukukutane, kuma babbar motar masu saye za ta tashi daga bakin kwalta da la'asar, in ba a kawo ba sai wani mako. Na ce wutar ba za ta kai ta dawo ba, a bari ya sha caji, ko a aika amalanke tun yanzu. Ta kira ƙanenta ya karanta allon da ƙarfi a gaban mata. Lambar ta fi tafiyar zuwa da dawowa, har da rara.

"Ke kinka ce a ba na'ura gaskiya, ga ta ta hwaɗi gaskiya," in ji Hajiya. "Ki tahi, ko ki aje makullin ga nan, mai iyawa shi tahi."

Na dubi makullin, na dubi ƙanenta da ya riga ya fara naɗe hannun riga. Na hau.

Zuwa lafiya lau. Aka loda albasa, mata biyu suka hau bisa, ɗaya da jariri. Muka juyo rana na tsakiyar kai. Rairayin wajen nan mai laushi ne, ƙafafu suna nutsewa, ina jin injin yana ja da ƙyar, akwatin bateri yana turo zafi ta ƙarƙashin cinyata. Allon kuwa hankalinsa kwance, yana rage lamba ɗaya-ɗaya kamar muna kan kwalta da sanyin safiya da buhun ƙaiƙayi. Can sai na ga lambar ta yi tsalle ƙasa, ta sake tsalle, kafin in ce wa matan su sauka injin ya yi ɗan kuka ya mutu. Ba gari a gaba kusa, ba gari a baya kusa, sai sabara da wani gawo guda.

Muka zauna ƙarƙashin gawon. Ruwan da muka riƙo ya ƙare, jaririn ya yi kuka har ya gaji. Uwarsa ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bar su na taka har na sami wani dattijo mai amalanke a gona, ya kira ɗan'uwansa, suka raba albasar, suka ɗaure dogon baron da igiya bayan jakai biyu. Dole wani ya riƙe kan babur, don haka ina zaune bisa aka ja ni har cikin gari.

Hanyar ta gaban tashar ƴan kabu-kabu take bi. Sun daɗe suna jiran wannan rana. Wani ya ce, Inna direba, wannan sabon injin hatsi yake ci ko ciyawa? Wani ya ce a ba ta hanya, kada ta take mutane da gudu. Wani ya bi mu yana yi wa jakan hon da baki. Ban sauka ba, ban rufe fuska ba, na gaya wa na kusa da ni abin da ba zan rubuta a nan ba. Motar albasa ta riga ta tashi.

Washegari aka yi taro, gajere. Aka ce na'ura ta ce zai kai, bai kai ba, ke nan direba ce ba ta iya ba, ko kuma da gangan na yi don in nuna maganata ta fito. Na ce a kira matan da suka jiƙa buhu su rantse. Ba a kira kowa ba. Hajiya ta miƙo hannu kamar wancan karo, sai dai wannan karon ba ta ce in huta ba. Furoje ya kusa rufewa, ba mai zuwa duba ko mace ce ke tuƙi.

Injiniyar ta kira ni sau ɗaya daga inda take, ban san wa ya ba ta labari ba. Ta ce ta rubuta a cikin aikinta cewa awon bai haɗa da rairayi da zafin rana da kaya mai nauyi ba, kuma kada a dogara da lissafin a irin wannan hali. Na ce a ina ta rubuta. Ta ce can wajen ƙarshe. Na ce to ki zo ki faɗa a gaban Hajiya, da Hausa, inda za a ji. Ta ce tana nesa, kuma aikin ya fita daga hannunta. Ta ba ni haƙuri. Na san ba ita ta jiƙa buhu ba. Amma ta sami takardarta ta gama karatu, ni kuma na koma turmi, kuma ba zan yi kamar ban ga wannan ba.

Ƙanen Hajiya ke tuƙa shi yanzu. Ba wawa ba ne, ya gwada rairayi sau ɗaya a ɓoye, aka turo shi, bai ƙara ba. Kwalta yake bi, Ɗan Kassari zuwa Dogon Dutsi, da safe, yana ɗaukar lemun kwalba da katifu na ƴan kasuwa. A kan wannan hanyar allon bai taɓa yi masa ƙarya ba, don ita aka koya masa. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna lambar ya ce kun gani, daidai take, matsalar dama direba ce.

Matan ƙauyukan arewa sun koma jakai da kai. Sukan wuce ta ƙofar gidan da nake surfe ranar kasuwa, ƙafafunsu fari fat da rairayi. Matar nan mai jariri takan tsaya ta gaishe ni, yaron ya fara gudu yanzu. Ran nan ta tambaye ni ko za a sake kawo wani dogon baron. Na ce ban sani ba, na ce ta matsa daga bakin turmi kada dusa ta shiga idon yaron.